Ƙafar Muƙaddashi

In da cika baki sana'a ce, da tuni Muƙaddashi ya ajiye aikin ofis ya buɗe shago. Sau ɗaya tak aka taɓa tura shi taron bita a ƙasar waje, na kwana uku, ɗaya daga cikin ukun ma a filin jirgi ya cinye shi yana cigiyar jakarsa. Amma tun da ya dawo kunnen jama'a bai sake hutawa ba. Ko shayi ka miƙa masa sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Ba haka na gani a waje ba." Shi ya sa a gabansa ake ce masa Yallaɓai, da ya ba da baya kuwa sunansa Na-Gani.

Wata goma sha ɗaya ke nan yana riƙon ƙwarya a Sashen Ƙawata Gari, kuma ba abin da ke ci masa rai kamar wannan kalma ta muƙaddashi da ta maƙale masa. Takardar tabbatarwa yake jira. Har ya sa an yanko masa allon ƙofa mai ɗauke da DARAKTA, ya ɓoye a aljihun tebur ƙarƙashin tsofaffin fayiloli. In ba kowa sai ya ciro shi, ya hura masa iska, ya goge da hannun riga.

Aikin farko da ya yi da hawansa kujerar shi ne yaƙi da ƙugiya. Ba ta kamun kifi ba, 'yar lanƙwasar nan da ake sa wa baƙaƙen rubutu don a rarrabe ɗaki da daki, ko baƙi da baki. Ya ce ƙauyanci ce. "A waje ba wanda ke rataya wa harafi ƙugiya. Daga yau kada in sake ganin ta a takardar sashen nan." Sakatariya, wadda ta girme shi a aikin da shekara goma sha biyar, ta dube shi ta saman tabarau ta ce to. A makon nan aka manna sanarwa cewa kura ta yi yawa a dakin taro, tsohon mai gadi kuwa ya rantse ba zai shiga ba sai an haɗa shi da mai bindiga.

Ana nan sai ga wasiƙa daga ofishin Shugaban Majalisar Gari. Babbar kasuwa za ta cika shekara hamsin, ana so a sa mai fasaha ya yi wani abin tunawa a shataletalen da ke gabanta. An rubuta jigon aikin da manyan baƙaƙe: KAFA DA CI GABA. A ƙasa Shugaba ya ƙara da hannunsa cewa in aikin ya yi kyau, a ranar buɗewa zai sa hannu a takardar da ake jira.

Muƙaddashi ya karanta, ya miƙe, ya zaga tebur sau biyu.

"Kin gani ko? Har ofishin Shugaba sun kwaikwayi tsarina. Sun daina sa ƙugiya. Ƙafa da ci gaba! Kai, wannan tunani ya yi zurfi."

Sakatariya ta karɓi takardar. "Yallaɓai, kafa ce fa. Kafa kasuwar. Dubi nan sama, sun rubuta ƙungiyar 'yan kasuwa da ƙugiyarta, ga ɗaya ma a nan."

"Waɗannan mantuwa ce ta mai bugawa, hannunsa bai gama sabawa ba."

"To me ya haɗa ƙafa da kasuwa?"

"Da me kike zuwa kasuwar? Da kunne?" Ya yi wata 'yar dariya ta tausayi. "Malama, fasaha ba buga takarda ba ce. Ni na ga babban yatsan hannu a tsakiyar wani dandali a waje, ya fi bene tsawo, mutane na layi suna ɗaukar hoto."

"Ka ɗaga waya mana ka tambayi Shugaba. Minti ɗaya ne."

"In tambaya? Ya ce Darakta guda bai gane jigo ba?"

"Muƙaddashi dai," in ji ta, ta koma kan injinta.

Washegari ya nufi wurin Mai Sassaƙa. Wata mata ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, tana aiki a wani tsohon gareji da ke bayan makaranta, cikin buhunan siminti da rodi da ragar waya. Shekara goma sha huɗu tana zuba tukwanen fure da zakunan ƙofar gida don ta ci abinci, tana jiran ranar da za a ba ta aikin da gari duka zai tsaya ya kalla. Da ta ji batun kasuwa sai idonta ya kawo ruwa. Ta goge hannu a zani, ta ciro wani zane da ta daɗe da ajiyewa a cikin leda: hannaye uku, na tsoho da na mace da na saurayi, sun haɗu suna kafa dirkar rumfar farko.

Ko daƙiƙa biyar bai yi yana kallo ba ya ture.

"Hannu? An ce miki ƙafa kin kawo hannu? Ki godewa Allah ni na zo da kaina. Ni nan da kike gani, ɗaga masu fasaha shi ne aikina. Zan fito da ke daga cikin zakunan nan masu kama da kyanwa, in sa sunanki ya tsallaka teku."

"Ranka ya daɗe, wace ƙafa?"

"Ƙafa dai! Kin taɓa ganin wanda ya ci gaba da ka?"

Ta nemi ganin wasiƙar, ta karanta, ta ɗago ta dube shi, ta sake karantawa. Ta faɗa masa abin da Sakatariya ta faɗa. Ya ce in ba za ta iya ba, akwai mai yin bulo a bakin tasha da ke roƙonsa aikin. Ta dubi tukwanen furen da ta jera har bakin ƙofa. Wallahi ta tsani tukwanen nan.

"Zan yi," ta ce. "Amma ka rubuta min abin da kake so da hannunka, ka sa wa kalmar ƙugiyarta, ka sa hannu. Ni ba ni da zurfin ilimi, kada in rikice."

Wannan ta yi masa daɗi. Mutumin da ya kori ƙugiya daga sashe guda ya zare biro ya zana wata ƙatuwa, har da 'yar wutsiya. Ta ninke takardar ta cusa cikin leda tare da zanen hannayen.

Sai batun ƙafar da za a kwaikwaya. Ta ce za ta ƙirƙiro mai kyau daga kanta. Ya ce ina! A waje daga jikin mutum ake ɗauka, kuma ba kowane gaja ba, sai mai hangen nesa. Kafin ta ce wani abu har ya zauna a kan buhun siminti yana kwance igiyar takalmi.

Da safar ta fita, Mai Sassaƙa ta ɗan ja da baya. Babban yatsan ya karkace ya hau kan na kusa da shi ya yi zamansa. Farcen ya yi kauri ya yi rawaya. Diddigen kuwa faso ya tsattsaga shi, har kana iya ɓoye tsinke a ciki. Shi bai san da wannan ba, don rabonsa da ganin ƙafarsa da kyau tun kafin tumbi ya shiga tsakaninsu.

"In ɗan gyara ta in na zo yi?"

"Kada ki kuskura. Gaskiyar abu ake so. Yadda take haka za ki fito da ita, layi-layi."

Ta dama filasta a bokiti, ta miƙa masa man shafawa ta ce ya mulke ƙafar har ƙwauri, kuma in ta ce cire, ya cire. Ya ce shi bai ga ana shafa mai a waje ba, ya tsoma ƙafa haka nan. Sai wayarsa ta yi ƙara. Wani tsohon abokin karatunsa ne, kuma Muƙaddashi ba ya iya jin muryar tsohon aboki bai ba shi labarin kwana ukun nan ba. Ta ce cire. Ya ɗaga mata hannu. Ta sake cewa cire. Ya juya mata ƙeya yana bayanin yadda ƙofofin can ke buɗe kansu. Ta ƙara faɗa har sau biyu, ko waiwayowa bai yi ba. Da ya gama, bokiti ya zama takalmi.

"Ke! Me kika yi min?"

"Na ce ka cire sau huɗu, ranka ya daɗe."

Da zarto da 'yar guduma aka raba shi da bokitin, filastar kuma ta tafi da duk gashin ƙwaurinsa. Ihun da ya kurma ya fito da mai wankin mota da mai sayar da lemo da malamai biyu daga makaranta. Suka yi cirko-cirko a ƙofar gareji. Mai lemo ta ce, "Wayyo, haihuwa ake yi ne?" Mai wankin mota ya ce a'a, ai gwamnati ce ke aiki. Muƙaddashi ya share hawaye ya ce musu wannan shi ake kira sadaukarwa.

A gida matarsa ta ga ƙwauri ɗaya sumul, ɗaya da gashi, ta ajiye tiren da ke hannunta.

"Baban yara, me ya samu ƙafarka?"

"Tarihi ta shiga."

"To Allah ya fito da ita lafiya."

Daga nan kullum sai ya leƙa garejin, kuma duk zuwa sai ya ƙara wa aikin girma. Ta ce tsawon mutum ɗaya ya isa. Ya ce biyu. Da ya tuna yatsan da ya gani a waje ya ce uku. Ta nuna masa ƙofar garejin ta ce ba za ta fita ba, ya ce ƙananan mutane ne ke tunanin ƙofa. Mako bakwai tana ɗaure rodi, tana naɗa raga, tana shafa siminti, kuma tsakani da Allah ta yi aiki. Tunda an ce layi-layi, ba ta bar ko tsaga ɗaya ba. Har jijiyar da ta taso a bayan ƙafar sai ka rantse jini na gudu a ciki.

Ranar ɗauka ƙafa ta ƙi fita, kamar yadda aka faɗa. Aka rushe bangon gareji. Aka ɗora ta a babbar mota aka lulluɓe da tamfol, amma tamfol ɗin bai kai ba, babban yatsan ya leƙo ta baya. Haka aka ratsa gari da ita da rana tsaka, Muƙaddashi na gaba a motar ofis yana ɗaga wa mutane hannu. Masu shaguna suka fito. Wani tela ya ce kan kunkuru ne. Mai nama ya ce shi dai ya ga farce, kuma ko mece ce wannan dabba bai taɓa yanka irinta ba. Mai gyaran takalmin da ke zama a ƙofar ofishin majalisa ya bi yatsan da kallo har motar ta sha kwana, ya ce, "Ikon Allah. Kamar na san wannan a wani wuri."

A shataletale Muƙaddashi ya sa aka haƙa rami mai zurfi, aka dasa ta da rodi da kankare. Ya ce so yake ko bayan shekara ɗari ba mai iya gusar da ita. A wannan kam an yi masa yadda yake so.

Ranar buɗewa tun da hantsi wurin ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an zaunar da tsofaffin 'yan kasuwa a sahun gaba, waɗanda iyayensu suka share filin da hannunsu. Shugaba, dattijo mai ƙarancin magana, yana zaune da fayil a cinya. Muƙaddashi ya san abin da ke cikin fayil ɗin. Allon DARAKTA kuwa yana cikin aljihun rigarsa, har da ƙusoshi huɗu.

An ba shi minti biyar ya ci arba'in. Ya ce shi ya haifi tunanin, shi ya raine shi, shi ya yaye shi. Ya ce matar da ta zuba simintin mai aikin hannu ce kawai, ƙwaƙwalwar tasa ce, sunanta ma bai ambata ba. Sannan ya kama igiya ya ja.

Tamfol ya maƙale a farce. Ya sake ja, shiru. Ya tattare riga ya ja da ƙarfinsa duka, sai tamfol ya yage ya zubo masa a ka. Yana ta mutsu-mutsu a ciki yana neman hanya, bai ji irin shirun da ya sauka a wurin ba.

Ga ta nan tsaye, tsawon mutum uku, yatsa a kan yatsa, diddige ya juya wa kasuwa baya. Wata tsohuwa mai sayar da tabarmi a sahun gaba ta sa hannu ta kare rana, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi:

"To ina sauran mutumin?"

Wurin ya fashe. Masu dako suka riƙe ciki. Wani ya ce ai saura na zuwa a shekara ta ɗari. Wata ta ce a taimaka a saya wa ƙafar man shafawa.

Shugaba bai yi dariya ba. Ya jira Muƙaddashi ya fito daga tamfol, ya yafito shi.

"Mene ne wannan?"

"Jigon da ka bayar ne, ranka ya daɗe. Ƙafa da ci gaba."

"Kafa na ce. Kafa kasuwa. Mutanen nan iyayensu suka kafa ta."

"Ai na ɗauka an cire ƙugiyar ne, bisa sabon tsari..."

"Wane tsari? Ba a sa ƙugiya ba don babu ƙafa a maganar."

Muƙaddashi ya dubi fayil, ya dubi jama'a, sai idonsa ya faɗa kan Mai Sassaƙa da ke tsaye can gefe, inda ko kujera ba a ba ta ba. Nan take ƙwaƙwalwar da ta haifi tunani ta yi watsi da ɗanta.

"Gaskiya, ranka ya daɗe, matar nan ce. Ni na ba ta wasiƙa, ita ta fassara. Ka san masu fasahar nan da taurin kai. Na yi ta faɗa mata. Ni ban ma san ƙafar wane ƙazami ta samo ba."

Kai, wannan rashin kunya har masu dako sai da suka daina dariya. Mai Sassaƙa ta tako a hankali, ta buɗe leda ta miƙa wa Shugaba takarda biyu. Ya buɗe ta farko, ya ɗaga ta yadda sahun gaba za su gani.

"Wannan rubutun wa ne?"

"Ya yi kama da nawa, amma..."

"Wannan ƙugiyar ai ta isa a rataye riga."

Daga bayan rumfa Sakatariya ta ce, "Ita ce ta farko da ya rubuta a wata goma sha ɗaya, ranka ya daɗe."

Ana cikin haka mai gyaran takalmi, wanda tun ɗazu yake zagaya ƙafar yana leƙen ƙarƙashin yatsu, ya tafa hannu.

"Na tuna! Wallahi na tuna! Shekara tara ina faɗaɗa wa yatsan nan takalmi. Yallaɓai, ashe kai ne! Kai, baiwar Allah, hannunki ya iya. Har ƙurjin gefen nan kin sa."

"Ƙarya yake yi!" in ji Muƙaddashi.

"To a cire takalmi!" wani ya faɗa daga baya. Kan ka ce me, rumfa duka ta ɗauka. A cire! A cire! Ya waiga yana neman mai ceto, ya hango matarsa a sahu na uku ta rufe rabin fuska da mayafi.

"Maman yara, faɗa musu!"

Ta sauke mayafin. "Ni dai na sha gaya maka ka riƙa shafa mai."

Shugaba bai tsaya jin sauran ba. Ya buɗe takarda ta biyu, zanen hannaye uku da dirka, ya daɗe yana kallo. Ya miƙa wa tsohuwa mai tabarmi. Ta kai shi dab da ido, ta shafa da yatsa, ta ce haka babanta yake riƙe itace. Shugaba ya tambayi Mai Sassaƙa sunanta, ya sa ta maimaita a lasifika don kowa ya ji, ya ce ta zo ofis ranar Litinin, akwai fili a ƙofar kasuwa ta gabas. Sannan ya maƙale fayil a hammata ya shiga mota, bai ko buɗe shi ba.

An so a tumɓuke ƙafar. Injiniya ya zo ya duba ya ce yadda aka dasa ta, sai dai a tashi shataletalen duka. Aka bar ta. Kafin wata ya zagayo ta zama tasha, kana jin kwandastoci na bubbuga mota suna cewa, "Ƙafar Muƙaddashi! Akwai mai sauka?" Shi kuwa ya koma zagaye ta bayan asibiti in zai je aiki, tafiyar minti goma ta zama ta arba'in.

Takardar ta iso wata ranar Laraba da la'asar, har gida. Ya karɓa ya zauna a falo, allon DARAKTA na kan tebur kusa da kofin shayi. Rahoton kwamitin da ya duba riƙon ƙwaryarsa ne, kuma sashensa aka ba bugawa. Sakatariya ta bi dokarsa sau da ƙafa, babu ƙugiya ko ɗaya. A layin ƙarshe an rubuta: SAKAMAKO: KASA.

Ya ƙura mata ido. Can sai fuskarsa ta washe.

"Maman yara, zo ki gani! Ba kasa ba ce, ƙasa ce. An cire ƙugiyar ne. Ina jin matakin ƙasa za a kai ni, aikin ya fi ƙarfin gari."

Ta karɓa ta karanta, ta mayar masa. Ta ɗauki allon ta ɗora kofin shayin a kai don kada ya ɓata mata tebur.

"Baban yara, sa mata ƙugiyar ko ka bar ta, duk ɗaya ne. In ba ka kasa ba, ai ka yi ƙasa."